Hannun da ya Ruɓe: Tarihin Kashe Zafi Wajen Yanke Hannu, da Abin da ya Shafi Ƙasar Rano da Kibiya

GABATARWA

Hausawa suna da karin magana mai cewa hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar. Abin da suke nufi shi ne ɗan'uwa, watau komai lalacewarsa ba a rabuwa da shi. Amma duk wanda ya taɓa jinya a asibitin ƙashi ya san akwai ranar da maganar takan bar kan ɗan'uwa ta koma kan hannun kansa, ranar da likita zai ja uban yaro gefe ya shaida masa cewa in ba a cire hannun ba, to, rai ne zai tafi. Manufar wannan lacca ita ce bin tarihin yadda 'yan Adam suka yi ta neman hanyar da za a yi wannan aiki mai nauyi ba tare da azaba ba, har suka kai ga dabarar kashe hannun shi kaɗai da allura, mai hannun kuwa yana farke, yana numfashi da kansa.

An ɗauki ƙasar Rano da Kibiya a matsayin madubi saboda dalili. Rano tana cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ne labarin Bayajida ya ba sarautar baba da rini, kuma Sarkinta ake yi wa kirari da Autan Bawo. Tun daga shekarar 2024 masarautarta ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku, Rano da Bunkure da Kibiya. Mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya da masu sana'ar hannu, waɗanda abincinsu yake a damtsensu. A wurinsu rasa hannu rasa gona ne. Daɗin daɗawa, manyan asibitocin da ake yin irin wannan aiki suna cikin birnin Kano, saboda haka duk wata dabara da za ta sauƙaƙa aikin, ta rage kuɗinsa da hatsarinsa, su ta fi shafa.

KAFIN ZUWAN ALLURA

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa tana da ma'aikatan wuƙa da na ƙashi. Wanzami shi ke kaciya da ƙaho da cire beli da sakiya. Maɗori shi ke gyaran karaya da targaɗe da gocewar ƙashi, kuma sana'arsa gado ce, ɗa yakan koya a gaban ubansa. Malamai ma ba a bar su a baya ba, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da wani littafi a kan cutar basir. Abin da ba a da shi shi ne hanyar ɗauke zafi wadda za a dogara da ita. An san itatuwa masu gusar da hankali, irin su zaƙami, amma ba mai iya auna su daidai, kuma tsakanin abin da zai bugar da mutum da abin da zai halaka shi tazarar kaɗan ce. Saboda haka abin da ya rage shi ne ƙarfafan maza su danne mara lafiya, mai wuƙa ya yi sauri, shi kuma wanda ake yi wa ya daure. Wannan yana cikin abin da ya ɗaukaka dauriya a al'ada, har yaron da bai yi kuka a hannun wanzami ba ya zama abin yabo.

Ba ƙasar Hausa kaɗai ke cikin wannan hali ba. Malaman tarihin Musulunci sun kawo labarin Urwatu ɗan Zubairu, ɗaya daga cikin manyan malaman Madina, wanda ƙafarsa ta ruɓe sa'ad da ya je Dimashƙa wurin Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715. An ce likitoci sun nemi ba shi abin sha da zai gusar masa da hankali, ya ƙi, domin ba ya son ya gafala daga ambaton Allah, aka yanke ƙafar yana ji yana gani, aka ƙone wurin da tafasasshen mai. Labarin ya nuna abu biyu: likitocin wancan zamani suna da abin bugarwa, kuma akwai mutanen da gushewar hankali ta fi zafin wuƙa tsoratar da su.

A Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu a wajejen 1013, ya bayyana yadda ake yanke gaɓa a littafinsa At-Tasrif: a ɗaure sama da ƙasa, a yanka a tsakani, a cikin lafiyayyen nama. Ya kuma yi gargaɗi cewa a gaggauta tun ruɓar ba ta hau zuwa kafaɗa ba. A Faransa, cikin ƙarni na 16, Ambroise Paré ya koma ɗaure jijiyoyin jini da zare maimakon ƙona su. A 1784 wani Bature mai suna James Moore ya ƙera ƙarfen da ke matse manyan jijiyoyin gaɓa don ta mutu kafin a yanka, aka gwada shi a Landan. Kowa ya san yadda hannu ke mutuwa in an kwana a kansa, to, wannan Moore ya so ya kwaikwaya. Dabarar ba ta karɓu ba, domin matsin kansa azaba ne, amma tunaninsa daidai yake: in an tare jijiya a sama, abin da ke ƙasa ba ya ji.

ZAMANIN BARCI

Ranar 16 ga Oktoba, 1846, a babban asibitin Boston ta Amurka, wani likitan haƙori, William Morton, ya shaƙa wa mara lafiya tururin wani ruwa da ake kira eta, ya yi barci, aka cire masa ƙari a wuya. Ranar 21 ga Disamba na wannan shekara Robert Liston ya yanke ƙafar wani mutum a Landan da wannan magani. A 1847 James Simpson na Edinbara ya shigo da kulorofom. Murna ba ta daɗe ba aka ga ɗaya fuskar al'amarin, domin a Janairun 1848 wata yarinya 'yar shekara 15 ta mutu a arewacin Ingila da shaƙar kulorofom, alhali aikin farcen ƙafa kawai za a yi mata. Tun daga ranar likitoci suka gane cewa barcin tiyata ba irin barcin dare ba ne. Maganin da ya kwantar da ƙwaƙwalwa yana iya kwantar da numfashi da zuciya, kuma ya fi yin haka ga wanda jikinsa ya riga ya raunana.

Wannan ilmi ya iso Kano bayan da Turawan Ingila suka ci birnin a Fabrairun 1903. Da farko likitocinsu sojoji da ma'aikatan gwamnati suke dubawa. A ƙarshen shekarun 1920, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe asibitin En'e na cikin birni, wanda daga baya aka sa wa sunan Murtala Muhammad. A 1959 aka kafa Asibitin Ƙashi na Dala, a 1967 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar koyon likita a Zariya, sa'an nan a 1988 aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Magungunan sa barci ma sun yi ta sakewa. An fara da ɗiga eta ko kulorofom a kan ƙyalle bisa hancin mara lafiya. A shekarun 1950 aka ƙera wata ƙaramar na'urar eta a Oksfod wadda ba ta bukatar lantarki, ta bazu a asibitocin Afirka. A 1956 halotan ya shigo, a 1970 kuma ketamin, wanda ake yi da allura, ba ya saukar da bugun jini kamar sauran, shi ya sa ya zama abin dogaro a asibitocin karkara. A mafi yawan waɗannan asibitoci ma'aikatan jinya da aka horar musamman su ne suka riƙe wannan aiki, domin likitocin fannin ba su da yawa.

KASHE HANNU SHI KAƊAI

Kafin a ci gaba ya kamata a warware wata kalma. Bahaushe yana kiran abubuwa uku da suna ɗaya, jijiya: akwai wadda jini ke bi, akwai wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, akwai kuma farar jijiya da ta fito daga laka, wadda ke kai saƙon ji da na motsi. Ta ukun ita ake nufi a nan. Dukkan ji da motsin hannu, in ban da ɗan kaɗan, suna bi ta saiwoyi biyar da suka fito daga laka, huɗu daga ƙasusuwan wuya na ƙasa, ɗaya daga ƙashin baya na farko. Saiwoyin nan sukan haɗu su zama gungu uku a gindin wuya, su ratsa ta ƙarƙashin ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, su shiga hammata, sa'an nan su rarrabu zuwa yatsu. Watau kamar hanyoyin ƙauyuka ne da suka haɗu a gada ɗaya. Wanda ya tare gadar ya tare kowa. Saƙon zafi yana tafiya a jijiya ne ta hanyar shigar sinadarin sodiyam ta wasu ƙananan kafofi. Maganin kashe zafi toshe kafofin nan yake yi na ɗan lokaci, saƙo ya tsaya, ƙwaƙwalwa ba ta sami labari ba.

Abu biyu aka jira kafin a iya wannan: sirinji da magani. Sirinji mai allura ya samu a 1853 ta hannun Alexander Wood a Edinbara da Charles Pravaz a Faransa. Magani kuwa daga ganyen koka na Kudancin Amurka ya fito, wanda Albert Niemann ya tace a Jamus a 1860, aka sami koken, abin da yau ake kira hodar iblis. A 1884 Carl Koller, wani matashin likita a Biyana, ya ɗiga shi a ido ya ga ido ya daina ji. Kafin shekara ta zagayo William Halsted da abokan aikinsa a Niyok sun fara zuba shi kusa da jijiyoyi, kuma a wajejen 1885 Halsted ya tsaga wuyan mara lafiya ya shafa maganin a saiwoyin hannu kai tsaye. Ya biya wannan ilmi da tsada, domin gwajin da ya yi ta yi a jikinsa ya jefa shi cikin jarabar koken, bai kuma rabu da wahalar miyagun ƙwayoyi ba har ya mutu. A 1897 George Crile na Amurka ya yanke gaɓa bayan ya zuba koken cikin manyan jijiyoyinta. A Janairun 1900 Harvey Cushing, almajirin Halsted, ya yi haka ga jijiyoyin hannu kafin ya datse su, a wani aikin cire hannu da kafaɗa saboda ciwon daji. Abin da ya lura da shi shi ne datse babbar jijiya yana girgiza zuciya da bugun jini ko da mara lafiya yana cikin barci, kashe ta tukuna kuwa yana hana haka.

Koken yana da guba da jaraba, saboda haka aka shiga neman madadinsa. A 1903 Heinrich Braun ya nuna cewa gauraya maganin da adiranalin yana tsuke jijiyoyin jini, maganin ya daɗe a wurin, ya kuma rage saurin shiga jiki. A 1905 aka fara aiki da Novocain, wanda Alfred Einhorn ya haɗa. A 1908 August Bier ya fito da wata hanya dabam: a tatse jinin hannu, a ɗaure damtse tam, a zuba maganin cikin jijiyar jini. Sai 1911, shekarar da ta fi kowace muhimmanci a wannan tarihi, inda Jamusawa biyu suka isa ga jijiyoyin da allura kawai, ba tare da tsaga ba. Georg Hirschel ya bi ta hammata, Diedrich Kulenkampff kuwa ya bi ta gindin wuya, kuma a jikinsa ya fara gwadawa. A 1928 shi da wani abokin aikinsa suka ba da rahoton mutum dubu da aka yi wa.

Bayansu gyare-gyare aka yi ta yi. A 1943 Nils Löfgren da Bengt Lundqvist suka haɗa lidoken a Suwidin, ya shiga kasuwa a 1948; shi ne wanda ake ɗinkin rauni da cire haƙori da shi. A 1957 aka haɗa bufibaken mai daɗewa, aka fara aiki da shi a 1963. A 1970 Alon Winnie na Shikago ya bayyana hanyar bi ta tsakanin tsokokin gefen wuya, wadda ta fi dacewa da aikin kafaɗa. Babbar matsalar dai ita ce likita ba ya ganin inda bakin allurarsa yake. Da farko lalube ake yi har mara lafiya ya ce ya ji wani abu ya tsarga masa zuwa yatsu. A 1962 aka kawo na'urar da ke tura 'yar wutar lantarki ta bakin allura, in tsoka ta motsa an san an zo kusa. A 1978 likitoci a Afirka ta Kudu suka yi amfani da na'urar sauti wajen gano jijiyar jinin da ke maƙwabtaka da gungun. A 1994 Stephan Kapral da abokansa a Biyana suka yi allurar suna kallon jijiya da allura a allon na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Daga nan lalube ya koma gani.

ABIN DA KE KAI HANNU GA YANKA

A ƙasashen Turai ƙafa aka fi yankewa, galibi ga tsofaffi masu ciwon sukari ko toshewar jijiyoyin jini. A arewacin Nijeriya akwai wani kaso dabam, na yara da matasa masu cikakkiyar lafiya. Yaro ya faɗo daga mangwaro ko ɗorawa ko tsamiya, ko daga kan jaki, ya dafa ƙasa da hannu, ƙashin damtse ya karye dab da gwiwar hannu. A kai shi wurin maɗori, a ja, a jera karare a ɗaure. Gaɓar da ta karye kumbura take yi, in ɗaurin ya yi tsanani kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse hanyoyin jini. Tsokar da jini ya yanke mata na wajen awa shida ta fara mutuwar da ba ta dawowa. Yaro yana kuka, manya suna ce masa ya daure, domin an ɗauka zafin ɗori ne. Sa'ad da kukan ya lafa sai a yi hamdala, alhali lafawar nan alama ce ta mutuwar jijiya. Bayan kwanaki yatsu su yi baƙi, wari ya tashi. Richard von Volkmann na Jamus ya bayyana illar matsattsen ɗauri tun 1881, kuma filastar asibiti ma tana yin wannan ɓarna in ba a kula ba. A shekarun 1990 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa binciken da ya nuna cewa ruɓa bayan ɗorin gida tana cikin manyan dalilan yanke gaɓoɓin yara, rahotanni daga wasu sassan Nijeriya kuma suka zo da irin wannan.

Zamani ya ƙaro nasa dalilai. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya bunƙasa a kudancin Kano, injuna suka shigo: na niƙa, na casar shinkafa, na sussukar masara, waɗanda belinsu da haƙoransu ba su san hannun riga ko yatsa ba. Ga haɗarin babur da mota, ga ƙunar wuta da ta lantarki, ga saran kasa da kububuwa ga mai noma ko mai yankan ciyawa, ga ɗan ƙaramin miki a hannun mai ciwon sukari wanda kan zama ruɓa cikin 'yan kwanaki, ga ciwon daji na ƙashi.

AMFANIN DABARAR DA IYAKARTA

Wanda aka kawo daga ƙauye da ruɓaɓɓen hannu ba ya zuwa da ƙarfinsa. Ya kwana biyu da zazzaɓi, dafin ruɓa ya shiga jininsa, jinin ya ragu, jikinsa ya bushe. Irin wannan shi maganin barci ya fi yi wa hatsari. In aka kashe hannun kaɗai, numfashinsa yana hannunsa, bugun jininsa ba ya faɗuwa kamar na mai barci, ba a bukatar babbar na'ura, kuma kuɗin maganin kaɗan ne. Akwai wata fa'ida kuma: naman da ya ruɓe yana da tsami, maganin kashe zafi ba ya ci a cikinsa, amma allurar gindin wuya a lafiyayyen wuri ake yin ta, nesa da ciwon. Lidoken da adiranalin yakan riƙe awa biyu zuwa uku, bufibaken kuwa yakan kai rabin yini, saboda haka mara lafiya yakan wuce sa'o'in farko, waɗanda suka fi tsanani, ba tare da raɗaɗi ba. Muhimmancin wannan yana fitowa in aka tuna cewa wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan 5 a duniya ba su da hanyar samun tiyata da kashe zafi mai aminci da sauƙin kuɗi. Ƙungiyar likitocin fannin ta duniya ta ba da shawarar a sami aƙalla likita 5 ga kowane mutum 100,000, ƙidayar da ta wallafa a 2017 kuwa ta nuna Nijeriya ba ta kai ko ɗaya ba.

Amma fa kada a ɗauka allurar nan wasa ce. Kowace hanya da hatsarinta. Ta gindin wuya tana dab da kan huhu, in allura ta zarce sai ta huda shi. Ta gefen wuya kusan kullum tana kashe jijiyar da ke motsa rabin tantanin numfashi na ɗan lokaci, saboda haka ba ta dace da mai ciwon ƙirji ba. Ta hammata ta fi aminci, amma ba ta isa ga yankan da ya wuce gwiwar hannu, ba a kuma yin ta in ruɓa ta kai wurin ko kaluluwa ta fito. Fatar cikin damtse daga wata jijiya dabam take samun ji, wadda ta fito daga tsakanin haƙarƙari, dole a yi mata tata allurar. Hanyar Bier ba ta dace da yanke gaɓa ba, domin da an kwance ɗauri zafi ya dawo, kuma ana guje mata ga mai sikila, cutar da ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Wanda kububuwa ta sara, dafinta yana hana jini daskarewa, sai an gyara wannan kafin a kusanci manyan jijiyoyin jini da allura.

Mafi girman hatsari shi ne maganin ya shiga jini da yawa. Alamunsa su ne mutuwar leɓe da harshe, ƙara a kunne, sa'an nan jijjiga, daga nan zuciya ta tsaya. A 1979 aka ja hankalin likitoci ga irin wannan mutuwa da bufibaken. A 1998 Guy Weinberg ya nuna a jikin dabbobi cewa ruwan kitse da ake ƙarawa ta jijiya yana warware gubar, a 2006 aka fara ceton ɗan Adam da shi. Saboda haka ake auna magani da nauyin mutum: lidoken mai adiranalin ba ya wuce miligiram 7 ga kowane kilo, bufibaken kuwa wajen miligiram 2. Saboda haka kuma ko hannu kaɗai za a kashe, lalle ne a tanadi iskar oksijin, da ƙarin ruwa, da na'urar da ake maƙalawa a yatsa, da wanda ya iya ceton numfashi. Wani lokaci ma allurar ba ta ci gaba ɗaya, dole a koma ga barci.

Sa'an nan akwai abin da allura ba ta kashewa, watau kunne da zuciya. Mai farke yana jin ƙarar zarto, ko ta wayar nan mai kaifi da Leonardo Gigli na Italiya ya ƙirƙiro a 1894. Shi ya sa ake gitta labule tsakanin fuskarsa da hannun, a ba shi ɗan abin da zai kwantar masa da hankali, a sami mai yi masa magana da harshensa. Wani ya fi son ya kasance a farke yana tasbihi, kamar yadda aka ce Urwatu ya zaɓa, kuma yau yana iya samun haka ba tare da azabar Urwatu ba. Wani kuwa ba zai iya ba, kuma babu aibi a kansa. Ƙaramin yaro ba a yi masa a farke. Ana sa shi barci marar nauyi, a haɗa masa da allurar don ta rage yawan maganin barcin da raɗaɗin bayan aiki.

BAYAN YANKA

Mafi yawan waɗanda aka yanke wa gaɓa sukan ci gaba da jin ta kamar tana nan, da yawa kuma sukan ji zafi a yatsun da aka riga aka binne. Paré ya ambaci wannan, Silas Weir Mitchell na Amurka ya yi cikakken bayaninsa a 1871 daga sojojin yaƙin basasarsu. Ba aljanu ba ne, ba kuma taɓin hankali ba. Ƙwaƙwalwa ce ba ta share hoton hannun ba. Ya kamata a gaya wa mara lafiya da danginsa tun kafin aiki, don kada su tafi neman maganin sammu. A 1988 wani bincike a Denmak ya sa an yi zaton kashe jijiya tun kafin yanka yana hana wannan ciwo, amma bincike mafi tsauri da aka wallafa daga ƙasar a 1997 bai tabbatar da haka ba. Abin da aka tabbatar shi ne sauƙin raɗaɗin kwanakin farko.

Likitan fiɗa yakan yi ƙoƙarin barin duk abin da zai baru, musamman gwiwar hannu, domin dungu mai gwiwa yana tallafar ƙota, yana riƙe igiya, ya kuma fi karɓar hannun roba irin wanda ake haɗawa a Dala. Fiƙihun Malikiyya ma ya san da wannan bambanci: in wani abu ya saura ƙasa da gwiwa, a wanke shi a alwala, in kuwa an cire har gwiwar, wankin ya faɗi. Abin da ya fi wuya shi ne zaman jama'a, musamman in dama ce ta tafi, wadda da ita ake ci, ake gaisawa, ake karɓa. Dokar hana wariya ga masu naƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 tana nan a rubuce, amma abin da zai hana yaro mai dungu komawa bara shi ne dangi su mai da shi makaranta ko su koya masa sana'a.

KAMMALAWA

Daga ƙarfen Moore na 1784 zuwa na'urar Kapral ta 1994 shekara 210 ce, kuma abin da aka samu a ƙarshe ya fi dacewa da asibitin karkara irin na Rano bisa ga manyan asibitocin da aka ƙirƙiro shi: allura, da magani mai araha, da na'urar sikanin da ɗakin haihuwa ma yake bukata. Abin da ya fi tsada a ciki shi ne horarren mutum, da kayan ceto a kusa da shi. Wannan aikin jami'o'i ne da hukumar asibitoci.

Sai dai duk ƙwarewar da aka yi wajen yanka, hannun da aka ceta ya fi. Hana ɗorin gida ba mai yiwuwa ba ne, domin maɗori yana kusa, kuɗinsa kaɗan ne, jama'a kuma sun yarda da shi. A kudancin Habasha, a asibitin Arba Minch, an gwada tara maɗora a koya musu alamun hatsari, rahoton da aka wallafa a 2005 kuma ya nuna yanke gaɓoɓi ya ragu. Alamun ba su da wuyar riƙewa: zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, kukan yaro in an miƙar masa da yatsu, kumburi, sanyin yatsu ko sakewar launinsu, da mutuwarsu. Wanda ya ga ɗaya daga ciki ya kwance ɗaurin nan take, ya nufi asibiti a wannan rana, ko da dare ne. In hakimai da dagatai da limamai da malaman makaranta na Rano da Kibiya suka isar da wannan ga kowane gida, suka kuma haɗa maɗora da likitoci a zaure ɗaya, to, yaran da za su bukaci allurar gindin wuya za su ragu ƙwarai. Allah ya sa a dace.